Ranar da Metro Ya Kwashe Wutar Injin

Injin tururin, wata tsohuwar tarakta mai aiki da wutar itace, na Orest Pawluk ne, wutar cikinsa kuwa ta Metro ce. Haka mutanen Dolina suka saba faɗa, haka kuma abin yake duk ƙarshen watan Agusta, idan aka buɗe filin bayan coci don Bikin Sussuka. Orest ke riƙe sitiyari da sandar tururi, wadda ke sa injin tafiya. Metro Sawchuk, ƙanen matarsa, shi ke jefa itace a murhu yana shayar da tukunya ruwa. Mahaifin Orest ne ya sayi injin tun ana sare daji ana fasa sababbin gonaki, kuma a duk lardin Saskatchewan na Kanada irinsa da ke tashi har yau ba su da yawa.

Bana Orest ke cika shekara hamsin a kan injin. Kwamitin biki ya buga hotonsa a jikin riguna ana sayarwa a bakin ƙofa, shi kuwa ya ce sun ƙara masa hanci.

Metro ya riga kowa zuwa filin, raɓa ba ta bushe ba. Tun jiya ya lura kwalbar ruwa na ɗiga. 'Yar siririyar kwalba ce a bayan tukunya, tsawonta bai wuce tafin hannu ba, ita ke nuna inda ruwa ya tsaya a ciki. Ya rufe famfon sama da na ƙasa, ya kwance kwalbar, ya sa ta a aljihun gaban rigarsa, ya sauko yana neman sabuwar robar da ke matse bakinta a akwatin kayan aiki. Yana durƙushe ne motar Orest ta tsaya. Halya, yayar Metro, ita ke tuƙi. Ta sauke mijinta ta wuce wajen tanderun burodi.

"Yaro, har yanzu babu hayaƙi?" in ji Orest. "Ko sai na kira uwarka ta hura maka?"

"Yaron da ke karɓar fansho," in ji Metro. "Ina kwana, tsoho. Ka bar haƙoranka a gida ko ka zo da su?"

"Na zo da su, ina da naman da zan ci yau."

Orest ya kama ƙarfe ya hau dandamalin injin. Ya shafa sandar tururi, ya shafa igiyar usur, ya ƙwanƙwasa tukunya da bayan yatsa yadda yake yi kowace shekara. Sannan ya sunkuya ya kai fuskarsa daidai inda kwalbar ke zama, ya ƙura wa wurin ido.

"Rabi da ɗan ɗoriya," ya ce. "Ya yi. Kunna."

Metro ya kai hannu ƙirjinsa. Kwalbar na nan a aljihu, yana jin sanyinta ta cikin yadi. Tsakanin famfunan biyu babu komai sai iska.

Ya bari har Orest ya sauka ya tafi neman kofi, sannan ya hau ya mayar da kwalbar da sabuwar roba, ya buɗe famfuna. Ruwa ya taso ya tsaya a rabi da ɗan ɗoriya, inda Metro ke tsayar da shi kowace safiya tun da ya fara wannan aiki. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya kunna wuta.

Duk wanda ya taɓa aikin tururi ya san abu ɗaya kafin ya san sauran. Murhu yana da rufin ƙarfe a cikin tukunya, kuma dole ruwa ya rufe wannan rufin. Idan ruwa ya yi ƙasa rufin ya fito fili, wuta na gasa shi ya yi laushi, abin da ke biyo baya kuwa kakanninsu sun gani a wata gona can arewa, inda aka tsinci ƙafar injin a gonar maƙwabci. Shi ya sa akwai doka guda da ta fi ƙarfin mai injin kansa: duk wanda ke aiki a kai, idan ya yi shakkar ruwa, yana da ikon kwashe wuta, ba mai riƙe masa hannu. Sai ya gama kashe wutar ake tambayarsa dalili. A Dolina ba a taɓa yi ba, amma kowa ya san dokar.

Da hantsi aka fara sussuka. Aka ja dogon bel daga injin zuwa na'urar casa, aka murɗa shi a tsakiya, Orest ya busa usur gajere sau biyu, bel ya fara tafiya yana kaɗawa. Amalanken dawakai suka riƙa shigowa da damman alkama, maza biyu a bisa suna jefawa, kan zangarniya a gaba. Ƙaiƙayi ya cika iska yana shiga wuyan riga. Mutanen birni sun jeru a bayan igiya da wayoyinsu, tsofaffin manoma kuwa sun tsaya inda ƙurar ta fi yawa suna gyara wa masu jefa damin kuskure. Can gefe maƙeri na lanƙwasa wa yara ƙusa ta zama zobe, wasu na tufkar igiya, mata na kaɗa man shanu a tulun katako.

A nan ba abin tsoro. Injin na tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, Metro na kusa da kwalba. Amma yau kunnensa ya buɗe.

"Kai, rowar ruwa kake yi mini ne? Nawa ka ba ni?" in ji Orest.

"Rabi."

Can an jima: "Yaro, ka yi barci? Ina ruwana yake?"

Metro ya tuna cewa bara ma haka aka yi, da bara waccan. Ya ɗauka tsokana ce irin ta mijin yaya, yana ramawa yana dariya, ashe karatun kwalba yake yi wa mutum bai sani ba.

Matsalar tana wajen jerin gwano na bayan azahar. Injin Orest ke jan gaba, daga filin sussuka ya gangara zuwa gaban rumfar 'yan kallo. Idan injin ya sa kai gangare, ruwan tukunya kan kwarara gaba ya bar rufin murhu a baya, don haka a nan ne ido ba ya barin kwalba. A nan ne kuma al'ada ta ce mai wuta ya sauka, a ɗora wanda ya fi kowa tsufa a gunduma a gurbinsa, shi zai ja igiyar usur. Dandamalin ba ya ɗaukar mutum uku. Bana tsohon da ya saba hawa ya rasu da hunturu, girman ya faɗo kan Paraska Sawchuk, mai shekara casa'in da bakwai, uwar Halya da Metro.

Da aka tsayar da bel don a sauya amalanke, Metro ya ce zai kewaya, ya nufi tanderu. Halya na fitar da burodi da dogon katako, fuskarta ta yi ja, mata biyu na shafa wa burodin mai a tebur.

"Yaya, zo mu yi magana."

"Yi a nan, ina da ashirin a ciki. Matsa, za ka ƙone."

Ya rage murya. "Tun yaushe kike tuƙa Orest a mota?"

Ba ta juyo ba. Ta fitar da burodi biyu, ta ƙwanƙwasa gindinsu, ta ajiye, sannan ta ja shi bayan tarin itace.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa. Ya karanta mini ruwa da safe, kwalbar tana aljihuna."

Ta goge hannu da gyalenta. "Likita ya ce tsakiyar ido ce ta tafi. Gefe yana gani sarai. Idan ya dube ka yana ganin kunnuwanka, hancinka ne ba ya gani. Na ce wa Orest bai yi asarar komai ba."

"Mama za ta hau yau."

"Na sani. Ni na goge mata rigar."

"To?"

"To ka cika masa ruwa kafin ka sauka, kamar kullum. Tafiyar nawa take? Kafin kofi ya huce an gama."

"Bara dokin Stefan ya tare mana hanya ya ƙi tafiya, muka tsaya a kan gangaren ana lallashinsa. Tukunya ba ta san jira ba, Yaya, shan ruwanta take yi."

"Bara ma ba ya gani, kuma ga mu nan."

Wannan bai zo wa Metro a rai ba tukuna. Bara yana tafe a ƙasa kusa da ƙafar injin yana ɗaga wa jikokinsa hannu.

"Yau kaɗai, Metro," in ji Halya. "Tun da dusar ƙanƙara ta narke ba ya maganar komai sai yau. Bayan yau ni da kaina zan ɓoye makullin rumfar injin. Kada ka je wajen Luba ta kwamiti. Idan ka je, kai da cin abinci a gidana sai dai a wajen jana'iza."

Ta koma tanderunta.

Da rana ta take Orest ya ja usur mai tsawo, aka tsaya cin abinci. Jama'a suka nufi dogayen tebura, amma mai injin ba ya barin injin da wuta a ciki, sai aka kawo musu nasu. Suka zauna a inuwar babbar ƙafar baya da faranti a cinya, pirohi, wato dafaffen kwaɓin fulawa mai dankali a ciki, da kirim mai tsami da naɗin kabeji. Metro ya bar shi ya ci rabi.

"Da safe da ka ce rabi da ɗoriya, kwalbar tana aljihuna."

Orest bai daina tauna ba. Ya haɗiye, ya goge gashin baki.

"Da ka mayar da ita, nawa ta nuna?"

"Rabi da ɗoriya."

"To."

"Orest."

"Tarko ka ɗana mini?"

"Roba nake canzawa."

Orest ya ajiye farantin, ya miƙe, ya hau dandamali. A gefen tukunya akwai ƙananan famfuna uku a jere, ɗaya bisa ɗaya. Ya murɗa na sama, tururi ya fito da siririn sauti. Ya murɗa na tsakiya, ruwa ya fito yana tofi. Ya rufe.

"Ka ji? Ruwa ya wuce na tsakiya, bai kai na sama ba. Duba kwalbarka ka ƙaryata ni. Ubana bai taɓa yarda da kwalba ba, ya ce kayan ado ne na mutanen ofis."

"Gaskiya ne a nan. A kan gangare fa? Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a sanda, masu busa ƙaho a gabanka. Da wane hannu za ka murɗa, da wane kunne za ka ji?"

"Na yi bara."

"Bari in hau tare da kai."

"A ina? A cinyar uwarka?"

"To a ce Mama ta zauna a rumfa."

"Je ka faɗa mata. Zan so in ji yadda za ku ƙare." Ya sauko ya ɗauki farantinsa. "Kuma Luba za ta tambayi dalili, yarinyar nan ba ta barin tambaya ta kwana. Kafin rana ta faɗi ta karɓe takardar izinina ta tuƙin injin, gobe a shagon kofi ana cewa makaho ne ya riƙa ɗaukar mutane a kan tukunya. Ka ji ni, yaro. Ranar da zan sauka daga injin nan da ƙafata zan sauka. Ba wanda zai sauke ni, balle wanda na koya wa riƙon shebur."

Ya ci gaba da cin abincinsa. Maganar ta ƙare a wajensa.

Metro ya ɗauki gwangwanin mai ya riƙa bin gaɓoɓin injin yana ɗiga musu, har da waɗanda ya riga ya ba. Daga inda yake yana hango Luba Fedoruk, shugabar kwamiti, da hular kaba tana jera tsofaffin taraktoci. Mace ce mai gaskiya, kuma abin da ya sa ba ya son zuwa wajenta ke nan. Idan ta ji ba za ta iya yin kamar ba ta ji ba.

Ya auna abin ta kowace fuska. Orest bai yi ƙarya ba. Ya san tukunyar nan kamar yadda ya san tarin matarsa, kuma idan aka cika ruwa da kyau, sau ɗari za a sauka gangaren nan lafiya. Metro ya san haka. Ya kuma san cewa ba ya iya cewa sau ɗari da ɗaya. Mutanen da za su zauna a rumfa da 'ya'yansu ba wanda ya tambaye su ko sun yarda. Sai wata tambaya ta zo masa wadda ta fi sauran ɗaci: da tsohon bara ne zai hau yau, ba Mama ba, da ya damu haka? Da bai cika ruwa ya yi shiru ya bi bayan injin yana addu'a ba? Ya juya tambayar ya sake juyawa, amsar da ya samu ba ta yi masa daɗi ba. Amma ya ga cewa munin dalilinsa bai ƙara wa tukunya ruwa ko cokali ɗaya ba.

Aka turo Paraska a keken guragu, da farar riga mai ɗinkin ja da baƙi a hannuwa, da ɗankwali mai furanni. An riga an ɗaure mata kujera a kan akwatin itace.

"Ka rame," ta ce wa Metro. "Matarka ba ta dafa komai ne?" Ta juya ga Orest. "Kai kuma yaron nan, ka tafi da ni a hankali. Ban zo nan don in zubar da haƙorana ba."

"Kamar ƙwai zan ɗauke ki, Mama," in ji Orest.

Masu busa ƙaho suka fara gwada kayansu. Luba ta ɗaga hannu daga nesa, alamar a shirya. Maza biyu suka matso don su ɗaga tsohuwar.

"Ku dakata," in ji Metro.

Ya hau dandamali. Ya dubi kwalba, ruwa ya kusa kashi uku cikin huɗu, yana ɗan rawa yadda lafiyayyen ruwa ke yi. Ya buɗe ƙofar murhu, ya ɗauki dogon ƙarfen kwasar wuta, ya fara janyo garwashi da itacen da ke ci yana zubarwa ƙasa.

"Me kake yi?" in ji Orest daga ƙasa. Ya ji ƙarar ƙarfen, ya gane. Ya kama hannun dandamali kamar zai hau, sai ya tsaya. Shi ya koya wa Metro dokar, a wannan filin, da bakinsa.

Metro ya kwashe wutar tas. Ya sauko ya ja tiyo daga amalanken ruwa ya kashe garwashin, farin hayaƙi ya tashi ya rufe su. Kafin ya washe mutane sun taru. Luba ta ratso su.

"Kawu Metro, lafiya?"

"Ban yarda da ruwan ba."

Wannan gaskiya ce, da a nan ya tsaya. Amma Luba ta dubi kwalbar, ta dube shi.

"Ga ruwa nan ina gani."

"Na canza roba da safe. Ina jin na matse ta ta toshe ramin ƙasa. Idan ta toshe, kwalba na iya nuna ruwan da babu shi."

"Tun safe? Kuma aka yi sussuka a haka?"

"Yanzu abin ya faɗo mini."

Stefan mai dawakai ne ya fara magana, daga kan amalankensa.

"Shekara talatin yana sa roba, yau ya gano tana da rami."

Wasu suka yi dariya, ba da yawa ba. Wani tsoho ya ce a ranar mutum ta hamsin, ai ko maƙiyi ya bari sai gobe. Luba ta cire hula ta share goshi. Ta san doka kamar kowa: ba a mayar da wuta sai tukunya ta huce an duba, kafin nan kuwa jama'a sun watse.

"Kawu Orest, ka yi haƙuri," ta ce. Ta rage murya ta juya ga Metro. "Za mu zauna a kan wannan a kwamiti. Ba zan ɓoye maka ba, zai yi wuya su bar ka a kan wuta baɗi."

"Na sani."

Orest na tsaye da hannu a aljihu, fuskarsa na fuskantar bututun hayaƙi. Bai ce komai ba. Metro ya lura da haka, ya kuma lura cewa wani ɓangare na zuciyarsa ya so Orest ya ce wani abu.

"To ni fa?" in ji Paraska. "An sa ni wanka tun da asuba."

Akwai sauran tururi a tukunya, wanda ba zai ja injin ba amma zai busa usur. Luba ta sauya hanya, jerin gwanon ya biyo ta gaban injin kafin ya gangara. Aka ɗora tsohuwar a kujerarta, Orest ya hau ya tsaya kusa da ita ya sa mata igiyar a hannu. Dawakan Stefan suka ja gaba, sai na'urar yankan alkama, sai taraktoci, sai 'yan mata masu rawa da jajayen takalma. Duk wanda ya zo wucewa Paraska ta ja masa usur. Da farko sautin na kaiwa har bayan coci. Kafin motar kashe gobara ta iso, wadda ke rufe jerin, ya koma kamar numfashin mai mura.

"A zamaninmu injin tafiya yake yi," ta ce da ana sauke ta.

Mai sanarwa ya karanta tarihin shekara hamsin ɗin Orest ta lasifika daga can ƙasa, aka tafa, amma rumfar na nesa, tafin ya iso sama kamar ruwa a kan kwano. Halya ta zo ta tura keken uwarsu. Ta wuce ta gaban Metro ba ta dube shi ba. Ta ɗan yi gaba sai ta tsaya, ta ciro burodi guda daga jakar keken ta ajiye a kan amalanken ruwa, ta tafi.

Da la'asar filin ya fara yin fili. Ana loda dawakai a motoci, maƙeri na kashe wutarsa. Metro na kwashe jiƙaƙƙiyar toka da shebur yana zubawa a baro. Orest bai sauka daga dandamali ba tun ɗazu. Ya lalubi ɗan famfon da ke ƙarƙashin kwalba ya buɗe, ruwa ya tsiyaye, ya rufe, ya kasa kunne yana jin yadda ruwan ya komo da sauri.

"Ramin a buɗe yake," ya ce.

"A buɗe yake."

"Nawa ne ruwan da ka kwashe wuta?"

"Kusan uku cikin huɗu."

"Da ba abin da zai faru."

"Mai yiwuwa."

"Ba mai yiwuwa ba. Da ba abin da zai faru."

Metro ya zuba shebur guda a baro. "Mai yiwuwa," ya sake cewa.

Orest ya zauna a kujerar da aka ɗaure wa Paraska. Ya cire safar hannu ya ɗora a gwiwa.

"Ka ɗauke mini ranata."

"Na ɗauke."

"Da wajen Luba ka je, da na san abin da zan yi da kai. In zage ka, in daina gaishe ka a coci, in mutu ina da gaskiya. Yanzu dubi inda ka ajiye ni. Ko in yi shiru, Stefan ya riƙa kiranka mai roba har a binne ka, ko in buɗe baki in yi wa kaina abin da na hana ka yi mini. Kuma ka ce ba ka iya ɗana tarko ba."

Metro ya tsaya da shebur a hannu. Ya so ya ce bai yi tunanin haka ba. Ya binciki kansa, bai tabbata ba.

"Ba sai ka ce komai ba," ya ce daga baya. "Na gaji da wutar ma. Gwiwata ba ta son hawan nan."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau, yaro. Ka yi ɗaya yau, ta isa." Orest ya juya kai gefe, yadda Metro ya gane yanzu yake yi idan yana son ganin abu. "Wane ne ke tahowa can?"

"Luba ce. Da makaniken da zai duba kwalba."

"Sai su kwance ta su ga lafiyarta ƙalau, su ce ka haukace ke nan ba sakaci ba." Ya miƙe. Ya shafa sandar tururi, ya shafa igiyar usur, ya ajiye safar hannunsa a kan akwatin itace, wajen da Metro ke ajiye tasa.

Metro ya miƙa masa hannu.

"Kawar da shi."

Orest ya juya baya, ya kama ƙarfe, ya lalubi matakala da ƙafa, ya sauko da kansa. Ya gyara hula ya nufi masu zuwa, amma ya ɗan karkata wajen tarin ƙaiƙayi.

"Hagu kaɗan," in ji Metro a hankali.

"Na sani," in ji Orest, ya gyara hanya. Da ya matsa kusa ya ɗaga murya. "Luba, 'yata, sallami makaniken nan ya tafi gida, kwalba ba ta da laifi. Zo ki ji wata magana."

Metro ya ga ta tsaya, ya ga makaniken ya juya. Ya ga Orest ya cire hula yana magana, yana nuna idonsa da yatsa. Bai ji abin da suke cewa ba, bai kuma matsa ba. Akwai sauran toka a ƙarƙashin murhu, kuma idan ta kwana da laima tana cin ƙarfe. Ya durƙusa ya ci gaba da kwasa.